Yadda ake zaɓen tsohuwar kat-kat a Maraɗi, da abin da za a fara yi mata bayan saye

Wanda zirga-zirgarsa ba ta wuce Maraɗi zuwa Tasawa ko Ƙonni bisa kwalta ba, ba ya da buƙatar kat-kat, wato mota mai ja da ƙafa huɗu. Ƙaramar mota ta ishe shi, kuma aljihunsa zai fi samun lafiya. Wannan magana ta mai shiga daji ce: mai cin kasuwannin ƙauye a arewacin Dakoro, mai garke wajen Bermo, mai gona bayan Mayahi, ko wanda damina ke raba shi da ƙauyensu da zarar Gulbin Kaba ya kawo ruwa. Irin wannan mutum ba ya da kuɗin sabuwa, sai tsohuwa, wadda sau da yawa ta girmi ɗansa na fari. Kuma ba laifi ba ne, muddin ya san abin da yake saye.

Kafin ka je wurin dillali, zauna ka raba kuɗinka. Ni a ganina kashi ɗaya cikin huɗu ka ajiye shi gefe, kada ma dillali ya ji ƙamshinsa. Idan miliyan takwas gare ka, motar miliyan shida kake nema. Ragowar na takardu ne da taya da gyaran farko, kuma za ka ga ƙarshensu kafin wata ya mutu. Wanda ya zuba duka a ciniki shi ne ake ganin motarsa ta yi wata uku bisa bulo a ƙofar gida, awaki na shan inuwa ƙarƙashinta.

Sai zaɓen iri. Tambaya ɗaya ce nake aunawa da ita: idan motar nan ta tsaya a wani ƙauye tsakanin Kornaka da Dakoro, makaniken da ke kusa zai iya tayar da ita da sifanu da ke cikin buhunsa? Wannan tambayar ce ta sa Toyota ta mamaye dajin Nijar. Land Cruiser jerin 70, wadda aka fara ƙerawa a 1984, ita ce uwar tafiya, musamman mai injin 1HZ: gazuwal, silinda shida, lita 4.2, ba turbo, famfonsa na ƙarfe ne ba kwamfuta a ciki. Ba shi da gudu, a hawa ma sai ka yi haƙuri da shi, amma yana jure zafi da man da ba shi da tsabta sosai, kuma duk garejin da ka shiga an san cikinsa. Injin nan yana cikin HZJ75 da HZJ78 da HZJ79, yana kuma cikin wasu na jerin 80 da aka yi daga 1990 zuwa 1997, da jerin 105 da ya biyo baya. Illarta ɗaya: kowa na son ta, saboda haka ko ta tsufa kuɗinta ba ya faɗuwa, kuma idon ɓarayi na kanta, balle mai buɗaɗɗen baya. Mai yawan bin yankin iyaka, wajen Madarumfa da Gidan Rumji, ya sa wannan a lissafinsa.

Idan aljihu bai kai can ba, Hilux mai injin 3L na lita 2.8 ko 5L na lita 3.0 ta yi. Ba ta ɗaukar abin da Land Cruiser ke ɗauka, amma ta fi ta sauƙin mai da sauƙin kayan gyara. Hilux da ta fito daga 2005 mai injin D-4D ta fi ƙarfi da daɗin tuƙi, sai dai nozul ɗinta ba sa wasa da gurɓataccen gazuwal, kuma kuɗin guda huɗu na iya tayar maka da hawan jini. Nissan Patrol mai injin TD42 ƙarfe ce ta gaske, ba ta ma da bel ɗin tamin (mai daidaita bawul da fistin) da zai tsinke, haƙoran ƙarfe ne ke wannan aiki, amma kayanta sai an nema, wani lokaci har Ƙofar Ruwa a Kano. Wadda ke da ZD30 na farko-farko kuwa ka wuce ta, an san ta da ƙone fistin. Prado jerin 90 mai 1KZ-TE tana da daɗin zama, ta dace da iyali, amma kan injinta ba ya yafe zafi: sau ɗaya ta tafasa sosai, sai ya tsage. Land Cruiser masu isansi irin na injin 1FZ mai lita 4.5 ba sa ba da wahala, shan mai ne kawai kamar raƙumi ya dawo daga Bilma.

Akwai kuma batun inda motar ta fito. Ta Turai da aka sauke a Kwatano ko Lome cikinta na da tsabta, kujeru ba su yage ba, amma can ana watsa gishiri a hanya lokacin sanyi, gishirin nan kuwa yana cin shasi daga ciki. Wadda ta tsufa a nan ba ta da tsatsa, iskarmu busasshiya ce, sai dai ta sha lodi da burji, an yi mata walda nan da can. Ta uku ita ce motar furoje, wadda wata ƙungiya ta yi aiki da ita ta sayar. Yawancinsu sun samu juyen mai kan lokaci, shi ya sa dillali ke son ce maka, “Alhaji, wannan ta furoje ce, Bature kaɗai ke shiga.” To, ko gaskiya ne, akwai tarko: irin waɗannan motoci galibi an shigo da su ne ba tare da biyan duwan ba, bisa sassauci da aka yi wa ƙungiyar, kuma ranar da ta koma hannun ɗan kasuwa sai an biya. Ka tabbatar an biya, ka ga takardar da idonka.

Takardu kafin inji

Mutane na fara buɗe bonet, ni kuwa takarda nake fara karɓa. Injin da ya mutu ana tayar da shi, motar da takardunta ba su da asali kuwa ranar da jandarma ya duba da kyau, ta tafi, wataƙila har da kai. Ka riƙe kart giriz, takardar mallakar mota, a hannu, ka durƙusa ka nemo lambar da aka buga a jikin shasi. A Toyota yawanci tana gefen dama, kusa da tayar gaba. Goge wurin da tsumma da ɗan gazuwal, ka karanta harafi bayan harafi, ka gwada da ta takarda da ta ƙaramin farantin da ke cikin bonet. Idan wurin ya yi santsi fiye da kewayensa, ko akwai alamar an goge da injin gurza, ko lambobin ba su jeru daidai ba, mayar da takarda ka yi sallama. Ka duba kuma ko abin da aka rubuta na mai, gazuwal ko isansi, shi ne a cikin motar, domin ana yawan sauya inji ba a gyara takarda ba.

Sunan da ke kan kart giriz, shin na mai sayarwa ne? In ba nasa ba ne, ina takardar cinikin da ta haɗa su? Motar gado kuma sai ka ji daga bakin magada, ba daga bakin ɗa guda da ya riga kowa ɗaukar makulli ba. Mai lambar Najeriya, komai arahar ta, ka lissafa kuɗin duwan a kai tun kafin ka taya.

Yanzu mota

Ka sa lokaci da sassafe, ka ce kada a tayar da ita kafin ka zo. Ka tafi da makanikenka, wanda kai za ka biya, ba wanda dillali ya nuna maka ba. Da isarka ɗora hannu bisa inji. In ka ji ɗumi, an riga an ɗumama shi don a ɓoye maka wahalar tashi. Ka ce gobe ka dawo.

Inji na sanyi, buɗe murfin lagireto. Ruwa mai launin jar ƙasa na nuna shekaru ana zuba mata ruwan rijiya. Mai na yawo a saman ruwa, ko baƙin mai a jikin sandar awo ya koma kamar shayi da madara, to ruwa da mai sun haɗu, gaskit ko kan inji ya tafi. In baƙin man ya yi kauri yana ja kamar zuma, an zuba mai kauri ne don a rufe bakin ƙarar inji. Bar murfin lagireton a buɗe, a tayar. Kai kuma ka tsaya baya wajen salansa. Ɗan hayaƙi na daƙiƙa kaɗan ba komai ba ne ga tsohon injin gazuwal. Baƙi mai yawa nozul ne ko famfo ko matatar iska, wannan da sauƙi. Shuɗi na nufin yana ƙona baƙin mai, aiki na nan gaba. Fari da ya ƙi ɗaukewa bayan inji ya yi zafi shi ne abin tsoro. Dawo gaba ka leƙa bakin lagireto: kumfa na tasowa ɗaya bayan ɗaya ba tsayawa, iskar silinda ce ke shiga ruwa. Sai ka mayar da murfin kafin ruwa ya yi zafi.

Daga nan kwance murfin da ake zuba baƙin mai, inji na aiki a hankali, ka ɗora shi a bakin ba tare da ka murɗa ba. In ya zauna yana ɗan rawa, lafiya. In iska ta tunkuɗe shi, hayaƙi na fita kamar tukunyar dambu, ringi sun gaji. Ba lalle ka fasa saye ba, amma kuɗin sauke inji ya fita daga farashi.

Abin da na fi daɗewa a kai shi ne ƙarƙashi. A hau da ita ramin gareji, ka shiga da tocila da ƙaramar guduma. Bi shasi daga gaba har baya kana ƙwanƙwasawa: lafiyayyen ƙarfe na amsawa da ƙara mai kaifi, wanda tsatsa ta ci kuwa sai ka ji dum, wani lokaci har ɓawo ya zubo. Dubi inda aka rataye sifirin, da kewayen akwatin sitiyari, da bayan kabin a masu buɗaɗɗen baya, nan lodi ke karya su. Sabon baƙin fenti a wuri guda, alhali sauran duk ƙura ce, yana rufe wani abu. Waldar da aka yi a ƙaramin wuri da faci mai kyau ana iya zama da ita. Shasin da ya karye gida biyu aka haɗa, ko ya lanƙwashe aka miƙe, wannan ba na kusantarsa ko kyauta ne, domin ba ya komawa daidai: zai riƙa cin taya, yana jan mota gefe, kuma wata rana zai buɗe a inda ya saba.

Kana nan ƙasa, ka tabbatar farfelar gaba, sandar da ke kai ƙarfin inji ga tayun gaba, na nan. Kada ka yi dariya. Na taɓa raka wani ƙanena ganin Hilux, fenti na walƙiya, inji kamar agogo, sai da makanike ya shiga rami ya ce, “Maigida, ai wannan ƙafa biyu gare ta.” An cire farfelar gaba tun tuni saboda aksul ɗin gaba ya lalace, mai ita kuma ya ce wai don ta rage shan mai ne. Kama kowace farfela ka girgiza, kada ta yi wasa. Dubi ƙwallayen da ke ƙarshen aksul ɗin gaba: ɗan maiƙo daidai ne, amma in baƙin ruwan giris na gangarowa har kan taya, sil ya mutu. Kwance ƙusar man aksul ka tsoma yatsa. Fari-fari na nufin ta sha ruwa a gulbi ba a juye ba.

Bodi ba shi da wahalar ganewa. Ƙaramin maganaɗisu ya isa: inda ya ƙi kamawa, an cika da foti. Rufi mai tudu da kwari, da ƙofofi da ba sa rufuwa sai an doka, alamar ta taɓa kifewa ce. Lambar kilomita kuwa kada ka ba ta muhimmanci, ana mayar da ita baya. Roban feda da sitiyari da kujerar direba sun fi ta gaskiya.

Gwaji

Zagaye ɗaya cikin gari ba gwaji ba ne. Zuba mai da kuɗinka ka nemi awa guda. Fara da kwalta, hanyar Tibiri ta isa. A giya ta huɗu, tana tafiya a hankali, taka totur har ƙasa: in inji ya yi ihu mota ba ta ƙara gudu ba, kuloci na zamewa. Ɗaga ƙafa kwatsam a kowace giya ka ga ko za ta fita da kanta. Tsakanin 60 da 80 ka ji ko sitiyari na kaɗawa. Taka birki a wuri mai faɗi, kada ta ja gefe. Makanikenka ya bi ku a babur ya duba ko tana tafiya a karkace kamar kare.

Sannan a sauka cikin rairayi. Da rani gindin Gulbin Maraɗi ya wadatar. In mai makullai ce a cibiyar tayun gaba, fita ka murɗa su duka biyu zuwa inda aka rubuta LOCK. Sa ƙaramar giya, wadda ke haɗa ƙafa huɗu, a H4 (ƙafa huɗu na gudu), ka yi tafiya, tsaya ka sa L4 (ƙafa huɗu na ƙarfi). Dole ta shiga ba tare da kokawa ba, kuma ta zauna. Murɗa sitiyari har ƙarshe ka yi da'ira: ƙas-ƙas-ƙas daga gaba na nufin mahaɗin cikin ƙwallon ya gaji. Ka bar ta ta yi aiki sosai cikin yashi, idonka na kan allurar zafi. Allurar da ta haura rabi matsala ce, wadda ba ta motsa ba sam ita ma matsala ce, don wasu na cire mata waya. Kuma da kun koma kwalta a mayar da ita H2, wato ƙafa biyu. Irin waɗannan motoci ba a tuƙa su da ƙafa huɗu bisa kwalta, giya ce ke ɗaurewa ta lalace. Masu ƙafa huɗu kullum, irin wasu na jerin 80 da Prado jerin 90, su ne aka yi don haka.

In ta tsallake, sai ciniki. Duk aibin da kuka gani a rubuce yake, da kuɗin gyaransa, shi ne makamin tayi. La'adar dillali a yanke ta tun farko, a san wanda zai biya. A rubuta takardar saye da lambar shasi, da shaidu, a kai meri ko kwamisariya a buga hatimi, kana ka miƙa kuɗi. Kada ka yi sanyin jiki wajen mayar da kart giriz sunanka, ka haɗa da asirans da binyat da bizit.

Gyaran farko

Nan ne akasari ake ɓata. Mota na zuwa gida sai a nufi mai fenti, a sa manyan fitilu da baƙin gilashi da rediyo mai girgiza unguwa, alhali bel ɗin tamin ba wanda ya san shekarunsa. A 1HZ da 3L da 5L da 1KZ duk bel ne, ana sauya shi wajen kilomita 100,000, kuma in ya tsinke inji na gudu, bawul da fistin ne ke karo. Tunda ba ka san ranar da aka sa na ciki ba, ka ɗauka lokacinsa ya yi. Sauya shi da abin ɗaure shi, kuma ka sayi na asali ko da ya ninka kuɗi; a nan ne araha ba ta ado.

A juye kowane mai: na inji, 15W-40 ya dace da tsohon gazuwal, na giya, na ƙaramar giya, na aksul gaba da baya, da na birki. A sauke tanki a wanke, za ka yi mamakin laka da ke ciki. A sa giris a duk kan nonon farfela, a duba boris na ƙafafu.

Sai sanyaya inji, wanda a garin da zafi ke haura 40 a watan Afrilu da Mayu shi ne ran mota. Lagireto a buɗe a wanke ko a sauya, tiyo duka sababbi, murfi sabo, a duba famfon ruwa. Fankar da ke da kuloci mai mai a ciki tana gajiya a ɓoye: tana juyawa amma ba ta jan iska, sai a cikin yashi za ka gane. Da yawan makanikai za su ce a cire tamostat, wai ƙasar zafi ba ta buƙatarsa. Ban yarda ba. In an cire, da sanyin hunturu inji ba ya kai zafin aikinsa, yana cin kansa yana shan mai, kuma a wasu injuna ruwa na samun gajeriyar hanya ya riƙa kewaye lagireto. A sa sabo. Kuma a daina ruwan rijiya, a sayi ruwan lagireto na galan.

Bayan wannan ne ake maganar ƙari, kuma na farko taya. Ga Land Cruiser mai lodi, 7.50R16 ko 235/85R16 mai kauri a gefe, saboda ƙayar aduwa da kututturen gona. A gefen kowace taya akwai lambobi huɗu, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara: 2319 na nufin mako na 23 a 2019. Wadda ta wuce shekara shida, ko zanenta na nan, zafin kwalta zai fasa ta. Manyan tayu masu faɗi suna da kyan gani, amma suna kashe ƙarfin inji, su gajiyar da boris da sitiyari. Safaya biyu ta fi su amfani.

Na biyu matatar gazuwal ta ƙari mai kwalba a ƙasa, wadda ke raba ruwa da mai, a ɗaura ta kafin ta asali. Duk mai shan man jarka a ƙauye ya san dalili. Ga mai D-4D kuwa wajibi ce. Na uku bututun iska da ke hawa gefen gilashi zuwa rufi. Mutane na zaton na shiga ruwa ne kawai, amma a wurinmu babban aikinsa ɗauko iska daga sama, nesa da ƙurar taya, musamman in an sa masa kai mai kwano da ke tara ƙura. A liƙe mahaɗansa da kyau, in ba haka ba ado ne. Mai ƙetare ƙorama da damina ya sa a ja wa aksul ɗan tiyon numfashi zuwa sama, aikin jika kaɗan ne.

Sifirin da ya kwanta a sauya ko a ƙara ganye ɗaya, da shokozoba masu kyau. Ɗagawar da ta wuce santimita biyar ba na ba da shawara, mota na ƙara saurin kifewa, haka ma jibga kaya bisa rufi. Turbo a kan tsohon 1HZ kuwa, bar shi. Ba a yi fistin ɗinsa don wannan zafin ba. Fitilar ƙari a ja mata waya ta kanta da fis, don wayar da aka murɗa da hannu aka naɗe da leda ita ke cinna wa mota wuta. Fenti mai kama da na soja da baƙin gilashi ba abin da za su ƙara maka sai tsayuwa a kowane shinge.

A bayan mota kullum a samu shebur, igiyar ja mai ƙarfi, jak da katakon da za a ɗora shi a kai cikin yashi, faranti biyu na ƙarfe na fita daga kafewa, fanbel da matatar mai na ajiya, jarkar ruwa, da famfon iska mai aiki da batir haɗe da ma'auni. Famfon nan shi ke ba ka damar yin abin da ya fi kowane ƙari amfani cikin rairayi: rage iska. In ka zo yashi mai zurfi, sauke tayun zuwa wajen bar 1.5, in ta fara nutsewa har 1.2, ka tafi a hankali ba tare da murɗa sitiyari da ƙarfi ba. In ta tsaya, ɗaga ƙafa daga totur nan take, don ƙara wuta rami kawai yake haƙawa. Yi baya a kan sawunka, ka sake ɗaukar hanya. Da ka taka burji ko kwalta kuma, tsaya ka mayar da iskar kafin ka ci gaba.